John Newton: Mutumin da Aka Kira Yunusan Jirgi

Karatu: Yunusa 1:4-16, Luka 11:9-13

Wataƙila ka taɓa rera waƙar nan ta Turanci mai suna Amazing Grace ba tare da ka san wanda ya rubuta ta ba. Sunansa John Newton. An haife shi a Landan a 1725. Mahaifiyarsa mai tsoron Allah ce, ta koya masa Littafi Mai Tsarki, amma ta rasu kafin ya cika shekara bakwai. Yana da shekara 11 ya fara bin mahaifinsa, kyaftin na jirgin fatauci, zuwa teku.

Yaro ya tashi da taurin kai da mugun baki. A 1744 aka tilasta masa shiga rundunar sojan ruwa ta Ingila. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban jama'ar jirgi. Aka mai da shi jirgin masu cinikin bayi, can ma bai zauna lafiya da kowa ba, har ya ƙare a wani tsibiri a gaɓar Saliyo, yana yi wa wani dillalin bayi aiki cikin yunwa da zazzaɓi. Mahaifinsa ne ya roƙi a nemo shi, jirgin da ake kira Greyhound ya ɗauko shi.

Ka lura da kayan da jirgin nan ya ɗauko daga Afirka: zinariya, hauren giwa, kakin zuma da itacen rini. A daren 10 ga Maris 1748, suna kan hanyar komawa Ingila, hadari ya faɗa musu. Ruwa ya farfasa gefen jirgin, ya cika ɗakin da Newton yake barci. Yana hawowa sama kyaftin ya aike shi ya ɗauko wuƙa. Mutumin da ya hau a maimakonsa, nan take igiyar ruwa ta tafi da shi. Suka toshe ramuka da tufafinsu da kayan shimfiɗa. Newton ya yi ta buga famfo tun kafin asuba har tsakar rana, ɗaure da igiya don kada ruwa ya kwashe shi. A cikin wannan hali ne bakin da ya saba da saɓo ya roƙi jinƙan Ubangiji, shi kansa ya yi mamakin jin maganar ta fito daga bakinsa.

Me ya hana jirgin nutsewa? Kakin zuma da itacen nan ba su kai ruwa nauyi ba, su suka riƙe shi. Tun ranar da ake lodi a bakin teku, babu wanda ya san Allah yana shirya musu hanyar tsira.

Amma asara ta yi yawa. Dabbobin da ke cikin jirgin sun tafi, gangunan abinci sun farfashe. Rabin kifi mai gishiri ake raba wa mutum 12 a yini. Ka san yadda yunwa take sa a nemi mai laifi. Kyaftin ya dinga cewa Newton ne Yunusan jirgin, in an jefa shi a teku sauran za su tsira. Newton bai iya musu ba, gama lamirinsa ma haka yake faɗa masa. Ya koma karanta Sabon Alkawari, ya tsaya a kan Luka 11:13, inda Yesu ya yi alkawarin Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙo. Ya ce a ransa, in littafin nan gaskiya ne, to wannan alkawari ma gaskiya ne, sai ya fara roƙo. A ranar 8 ga Afrilu suka kai gaɓar Ailan, abincinsu na ƙarshe yana kan wuta.

Da ma a ce nan labarin ya ƙare, da ya yi daɗin wa'azi. Ban ga amfanin ɓoye maka sauran ba. Newton ya koma cinikin bayi, har ya zama kyaftin daga 1750 zuwa 1754. Yana jagorantar addu'a ranar Lahadi a saman jirgi, 'yan Afirka kuwa suna ƙarƙashinsa cikin mari, an rubuta su da lamba kamar kaya. A 1752 ya gano wasu ma'aikatansa suna ƙulla makircin ƙwace jirgin, ya sa musu sarƙa. Da bayi suka shirya bore, ya sa aka matse wa yara yatsu da ƙarfe don su tona asiri. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku, ba tuba daga wannan sana'a ba. Daga baya shi da kansa ya yarda cewa a waɗancan shekaru bai zama cikakken mai bi ba tukuna.

Aka naɗa shi fasto a garin Olney a 1764, a can ya rubuta waƙar. Ya shawarci William Wilberforce ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a wurin. Sai a 1788, shekara 40 bayan hadarin, ya buga ɗan littafi yana bayyana muguntar cinikin da hannunsa a ciki, aka aika wa 'yan majalisa. A Maris 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi. Newton ya rasu a Disamba na shekarar, yana da shekara 82, idanunsa sun kusa rufewa.