Maikel Farade, ɗan maƙeri

An haifi Maikel Farade a shekarar 1791, kusa da birnin Landan, a ƙasar Ingila. Ubansa maƙeri ne, talaka, ga shi ba ya da isasshiyar lafiya. Farade bai daɗe a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai a can. In an kawo littafi ɗinki, sai ya karanta shi kafin mai shi ya zo karɓa. Ta haka ya fara jin labarin lantarki.

A 1812 ya saurari karatun wani babban masani, Hamfiri Debi. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi, ya aika masa. A 1813 Debi ya ɗauke shi yaron aiki a ɗakin gwaji.

Ga tambayar da ta dami Farade. Lantarki iri biyu ne, mai alamar + da mai alamar –. A samu faranti biyu na ƙarfe masu faɗi, a sa su fuska da fuska, kada su taɓa juna. A cika ɗaya da +, ɗayan da –. Sai su riƙa jan juna. To, me ke tsakaninsu? Yawancin masanan lokacin sun ɗauka ba kome, wai daga nesa kawai jan yake zuwa. Farade bai yarda ba. A ganinsa akwai layukan ƙarfi da ido ba ya gani. Suna tashi daga wannan faranti su sauka kan wancan, a miƙe, a jere kamar zaren masaƙi. A tsakiya ƙarfin ɗaya ne ko'ina, a bayan farantan kuwa kusan babu shi. Wannan shi ake kira filin lantarki.

A 1837 ya sa gilashi ko farar wuta tsakanin ƙarafa biyu, sai lantarkin da suke riƙewa ya ƙaru. Ashe abin da ke tsakani yana da nasa aiki. Kondansater da ke cikin rediyo haka aka yi ta.

Ana ganin irin wannan da damina. In hadari ya haɗu bisa tabkin Madarumfa, gajimare da ruwan tabkin kamar farantan nan biyu ne. In filin ya yi ƙarfi ainun, iska ba ta iya tare lantarkin, sai tsawa ta faɗo. Shi ya sa bai kamata masunta su tsaya cikin ruwa a lokacin ba.

Farade bai iya babban lissafi ba, don haka wasu masana suka raina layukansa. Daga baya wani masani, Makswel, ya bayyana su da lissafi. Farade ya rasu a 1867. Ma'aunin kondansater, farad, sunansa ya ci.