Shekarun Ƙarshe Na Shehu Ɗan Fodiyo Da Ɗansa Bello

'Yan'uwa mazauna wannan zango, kowa ya san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da wa'azi da jihadi, amma ba kowa ya san yadda ya ƙare kwanakinsa ba. To, ga kaɗan daga ciki.

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya tashi a Degel. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Da ƙura ta lafa, sai ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana rubuce-rubuce. A 1812 ya raba aikin mulki biyu: yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Kun ga tun da sauran ƙarfinsa ya saki ragama.

Bello ba ɗa kaɗai ba ne, almajiri ne da ya yi karatu a gaban mahaifinsa, ya kuma ja runduna. A 1815 Shehu ya bar Sifawa ya komo Sakkwato, garin da Bello ya gina. Can ciwon ajali ya kama shi, ya daɗe yana jinya. Ba a nesa ya kwanta ba balle a riƙa aike. Gari ɗaya suke, mai jinya da mai ɗauke da nauyin jama'a. Allah Ya karɓi ransa a watan Afrilu na 1817, aka rufe shi inda ake kira Hubbare.

Jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Abin bai zo da sauƙi ba. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, tsakaninsa da baffansa Abdullahi kuma aka sami sanyi, sai da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina sannan suka daidaita. Amma da yake ya riga ya saba da aikin tun mahaifinsa na raye, daular ba ta watse ba. Ya riƙe ta shekara 20, ya rasu a Wurno a 1837.

Mu nan sau nawa muka ga rumfa ta rufe ranar sadakar uku, don mai ita bai taɓa nuna wa kowa littafin bashi ba? Dattijo, jawo yaronka kusa tun kana iya magana. Allah Ya jiƙan magabata, amin.