Soichiro Honda: Ɗan Maƙerin Da Motar Tsere Ta Koya Wa Darajar Awo

Duk wanda ya biyo hanyar Tsafe zuwa Gusau, ya zarce Bungudu, ba zai rasa ganin garejin kanikawa a bakin titi ba, inda yara 'yan koyo ke kwance inji suna ɗaurawa. Da wuya a sami wanda bai san sunan Honda ba a cikinsu, amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan ya soma ne kamar yadda suka soma, kuma babban darasin rayuwarsa daga motar tsere ta haɗin hannu ya fara ɗaukar sa.

An haifi Soichiro Honda ran 17 ga Nuwamba, 1906, a ƙauyen Komyo kusa da birnin Hamamatsu a ƙasar Jafan. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna, mahaifiyarsa kuwa masaƙiya. A 1922, yana da shekara 15, ya tafi Tokiyo koyon kanikanci a garejin Art Shokai na Yuzo Sakakibara. Da farko ba a ba shi ko sifana ba, sai shara da renon jaririn maigida, amma ya daure har aka soma sakar masa aiki.

Maigidan nasa mai sha'awar tsere ne, ga shi ba motar tsere a kasuwa. Saboda haka suka samo tsohon injin jirgin sama na Amurka samfurin Curtiss, mai silinda takwas, suka ɗora shi a kan ƙashin wata mota ƙirar Mitchell, sauran kayan kuwa suka ƙera da hannu. Ran 23 ga Nuwamba, 1924, wannan mota ta zo ta ɗaya a gasar tseren motoci ta Jafan. Ƙanen maigidan, Shinichi, shi ne ya riƙe sitiyari, Honda kuma ya zauna gefensa a matsayin bakanike.

A wancan zamani zaman gefen direba ba na hutu ba ne. Direba ya zuba wa hanya ido, bakanike kuma ya zuba wa agoguna. Idan allurar agogon baƙin mai ta faɗi, alama ce mai ya daina zagayawa, kuma cikin ɗan lokaci inji zai buga. Idan zafi ya haura, to ruwan lagireto ya soma tafasa. Akan kuma buga famfo da hannu don iska ta tura fetur daga tanki zuwa kafireto. Kunnen bakanike yana iya jin ciwon inji, amma sau da yawa sai bayan ɓarna ta auku. Allura kuwa tun da wuri take faɗa.

A 1928 Honda ya buɗe reshen Art Shokai a Hamamatsu, ya kuma ci gaba da haɗa motocin tsere. Ran 7 ga Yuni, 1936, ya shiga gasar buɗe filin Tamagawa da wata Ford da ya sake wa fasali, ya sa mata na'urar cusa wa inji ƙarin iska. Yana cikin sheƙa gudu sai wata mota ta fito daga wurin gyara ta tare masa hanya. Motarsa ta wuntsila, ya ji mummunan rauni a fuska da kafaɗa, ƙanensa Benjiro da ke gefensa ya sami karaya. Ba da daɗewa ba ya daina tuƙin tsere, ya juya ga ƙira.

Ya kafa kamfanin Tokai Seiki don yin zoben fistan, wanda kanikawanmu ke kira ringi. A nan ne gwanintar hannu ta gaza masa. Cikin zobba 50 da aka kai wa kamfanin Toyota don gwaji, 3 kacal suka cika ƙa'ida. Ido bai ga aibinsu ba, awo ne ya tona. Da ya kai ƙarfen makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu aka bincika, sai aka tarar sinadarin silikon ya yi ƙaranci a zubin. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutumin da ya riga ya yi suna, yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya koma aji ya zauna da samari kimanin shekara biyu. Bai fito da takardar shaida ba, domin bai damu da jarrabawa ba, amma ya fito da sanin ƙarfe, har zobbansa suka karɓu.

Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasa ta 1945 suka rushe masana'antunsa, ya sayar wa Toyota abin da ya rage. A 1946 ya soma ɗaura wa kekuna ƙananan injinan da sojoji suka bari, a 1948 kuma ya kafa kamfanin Honda. Takeo Fujisawa ya zo a 1949 ya riƙe harkar kuɗi da ciniki. A 1958 suka fito da babur Super Cub, wanda adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017.

Honda bai rabu da tsere ba, domin ya ɗauke shi fagen gwajin inji. Baburansa sun shiga gasar tsibirin Man a 1959, suka yi nasara a 1961, motarsa kuma ta ci gasar Formula One a Meziko a 1965. Ya yi murabus a 1973, ya rasu ran 5 ga Agusta, 1991, yana da shekara 84.

Abin lura ga ɗalibanmu da hukumomin koyar da sana'a shi ne, hannu da awo tagwaye ne. Sau nawa mukan shiga motar haya mu tarar maleji ya mutu, agogon zafi ba ya motsi, direba ya dogara da kunne da sa'a, alhali rayukan fasinja na hannunsa? Yaron garejin da aka koya wa karanta allura da auna ƙarfe, shi ne zai wuce gyara ya kai ga ƙira.