Otto na Ɗaya, sarkin Jamus da ya tanƙwara hakimansa

Ranar da aka naɗa Otto sarauta a birnin Aachen, shekarar 936, manyan hakimai huɗu ne suka yi masa hidima wajen walima: wani na zuba abin sha, wani na kula da dawaki. Ladabin bai daɗe ba. A 939 hakiman Franconia da Lorraine suka yi tawaye, har da ƙanensa Henry a cikinsu. A yaƙin Andernach aka kashe na farko, na biyu kuma kogin Rhine ya cinye shi.

Otto ya riƙe Franconia a hannunsa, sauran ƙasashen ya raba wa dangi: Bavariya ga ƙanen nan da ya yafe wa, Swabiya ga ɗansa Liudolf, Lorraine ga surukinsa Conrad. Sai dai jini bai hana kwaɗayi ba, domin a 953 ɗan da surukin suka juya masa baya. Bayan ya murƙushe su, ya ƙara jingina da manyan limaman coci, waɗanda ba sa barin magajin da zai ce muƙamin na gidansu ne.

Nasararsa kan mayaƙan Magyar a Lechfeld, a 955, ta rufe bakin masu ja da shi. Paparoma ya naɗa shi sarkin sarakuna a Roma a 962. Ya mutu a 973.