Taƙaitaccen Tarihin Sarki Firedirik na Biyu, Masanin Shaho

An haifi Firedirik na Biyu a garin Jesi na ƙasar Italiya a shekarar 1194. Ya tashi maraya a tsibirin Sisiliya, inda ya cuɗanya da Larabawa har ya ji harshensu. A 1220 aka naɗa shi sarkin Daular Rum.

Duk da mulki, farauta da shaho ce ta fi ɗaukar hankalinsa. Akan saki horarren shaho ya yi sama yana shawagi bisa kan mafarauci, sannan a tayar da agwagwar ruwa, shi kuwa ya faɗo mata. Gwargwadon nisan da ya yi sama, gwargwadon ƙarfin bugunsa. Yanzu 'yar na'ura ake ɗaura wa tsuntsun ta nuna tsawon tashinsa, amma a wancan zamani ido ne kaɗai ma'auni. Firedirik kuwa ya yarda da idonsa fiye da littattafan magabata, domin a littafin da ya rubuta da Latin kan wannan farauta har Aristotil ya yi wa gyara. Wurin Larabawa ya koyi rufe idon shaho da hular fata.

Wannan ƙauna ta jawo masa asara. A 1248, yana yi wa birnin Parma ƙawanya, sai ya fita farauta. Mutanen birnin suka far wa sansaninsa, suka kwashe dukiyarsa har da littafin nasa. Ya rasu a 1250. Kwafin da ɗansa Manfred ya sa aka yi yana ɗakin karatu na Batikan.