Ladi Kwali: Matar Da Ke Bayan Naira Ashirin

Kusan kullum tana ratsa hannunmu, wajen mai shayi ko mai kabu-kabu, amma na ci amanar ba kowa cikinmu ya san sunanta ba. Ku juya naira ashirin, za ku ga mace ta duƙufa kan tukunya. Ita ce Ladi Kwali. Ni abin da ya ja ni ga tarihinta shi ne wuta, wato irin zafin da yumɓunta ya sha.

An haife ta wajajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙabilar Gbagyi da muke cewa Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana ƙarama ta koya a hannun 'yar'uwar iyayenta: a naɗa yumɓu kamar igiya, a ɗora, a riƙa zagaya tukunyar ana lailayawa. Ta kan zana kadangare, kunama, kifi ko kada a jikin randa, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara ayyukanta a fada. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau.

A fadar ne wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya ga tukwanenta a 1950, lokacin da gwamnati ta sa shi zagaya ƙasa don duba harkar tukwane. Ya kafa cibiyar koyarwa a garin, Ladi kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a cikin maza.

To, nan ne maganar take. Tukunyar gargajiya a fili ake toya ta da ciyawa da itace, zafin bai cika wuce digiri 800 ba. Jikinta na fitowa da ƙananan ƙofofi, ruwa ya riƙa tsattsafowa, iska ta busar, abin da ke ciki ya yi sanyi. Sirrin randar gidanmu ke nan a zafin Sakkwato. A cibiyar kuwa, rufaffiyar matoya aka gina da bulo mai jure wuta, ana kai ta sama da digiri 1200. A wannan zafi wani sashen yumɓun yakan narke ya toshe ƙofofin, abu ya fito da tauri kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Kuma ba kowane yumɓu ke ɗaukar haka ba, wani sai ya lanƙwashe ko ya zube. Dole a haɗa shi da farar ƙasa da garin dutse, a gwada, a sake gwadawa. Ruwan ƙyallin da ake shafawa ma daga toka da duwatsun yankin ake haɗa shi.

Ladi ta koyi aiki da faifan juyi, amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, sannan a kai su wannan wuta. Suka fito da kyau ƙwarai, sai dai sun yi nauyi, sun yi tsada, kuma sun daina sanyaya ruwa. Randa ta koma kayan ado. Aka baje su a Landan a 1958, 1959 da 1962, ita ma ta zaga Turai, ta je Amurka a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, duk da ba ta yi boko ba, ta kuma sami lambar NNOM a 1980. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

A ganina an fi yaba zanenta, an manta da ilimin da ke ƙarƙashi. Ilimin nan na haɗa ƙasa da sarrafa zafi shi ne tushen tangaran na masana'antu. Farin abin nan da ke jikin filogin babur ɗinka tangaran ne na alumina, wadda sai zafi ya haura digiri 2000 take narkewa. Tanderun siminti irin na Kalambaina yana kaiwa wajen digiri 1450, kuma ba don bulon da aka jera a cikinsa ba, ƙarfen jikinsa ba zai kai labari ba. Haka kaskon narka ƙarfe, haka dutsen washi na gurenda. 'Yan injiniya, wallahi abokan sana'ar Ladi ne ku, ko kun ƙi ko kun so.

Abin ya taɓa isowa ƙofar gidanmu fa. A shekarun 1950 an buɗe ƙananan rassan cibiyar a Sakkwato da Kano, da waɗanda aka horar a Abuja, amma ba su ɗore ba. Cardew ya bar aikin a 1965. Cibiyar ta Suleja daga baya aka sa mata sunan Ladi, bulon jure wuta da masana'antunmu ke amfani da shi kuwa har yau galibinsa daga waje ake sayo shi.