Uwa Mary Martin: Ma'aikaciyar jinyar da ta jira shekara 16 kafin ta kafa ƙungiyarta a Najeriya

A ranar 4 ga Afrilu 1937, wata mata 'yar ƙasar Ailan mai shekara 44 tana kwance a wani asibitin gwamnati da ke Fatakwal, ciwo ya ci ƙarfinta har waɗanda ke kewaye da ita sun fara fid da rai. A kan wannan gado ta ɗauki alkawarin zaman zuhudu bisa tsarin cocin Katolika. Da wannan alkawari aka kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary, wato ƙungiyar sistoci masu aikin lafiya, wadda daga baya ta buɗe asibitoci a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka da ma wajenta. Matar ba ta mutu a lokacin ba. Ta ƙara shekara 37 a duniya, kuma duniya ta san ta da suna Uwa Mary Martin.

Ƙuruciya da yaƙi

An haifi Marie Helena Martin a watan Afrilu 1892 a Glenageary, kusa da birnin Dublin. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya 12 na Thomas Martin, ɗan kasuwar katako mai rufin asiri, da matarsa Mary. Tun tana ƙarama ta yi fama da wani zazzaɓi da ya bar mata rauni a zuciya, kuma wannan rauni bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. A 1907 mahaifinta ya rasu sakamakon harbin bindiga, ya bar uwa da ɗawainiyar gida. Duk da haka yarinyar ta yi karatu a Ailan da Birtaniya da Jamus.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ta shiga sahun 'yan sa-kai masu jinyar sojoji a ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Red Cross. A watan Oktoba 1915 aka tura ta tsibirin Malta, inda ake kwaso waɗanda suka jikkata a gumurzun Gallipoli. Tana can labari ya zo cewa ƙanenta Charlie ya ɓace a fagen daga a yankin Balkan. Ta riƙa bin gadajen marasa lafiya tana neman wanda ya san inda yake. A gida kuma, mahaifiyarsu ta shafe watannin farko na 1916 tana rubuta abubuwan da ke faruwa kullum a wani kundi, tamkar wasiƙu zuwa ga ɗan nata, da fatan zai dawo ya karanta. Bai dawo ba. Daga baya aka tabbatar da mutuwarsa.

A cikin wannan shekarar aka sake kiran Marie zuwa Hardelot a Faransa, lokacin yaƙin Somme, inda ta yi jinyar sojojin da iskar guba ta ƙona. Bayan ta koma gida ta taimaka wajen kula da waɗanda annobar mura ta 1918 ta kwantar. Ta samu wanda ya nemi aurenta, amma ta ba shi haƙuri, domin ta riga ta yanke shawarar ba da rayuwarta ga hidimar Allah ta hanyar jinya.

Zuwa Kalaba

A 1920 ta haɗu da Bishop Joseph Shanahan, wanda ke jagorancin aikin Katolika a kudancin Najeriya, yana neman mata da za su yi aiki a tsakanin mata da yara. Ta amsa kira. Ta fara koyon aikin ungozoma a asibitin haihuwa na ƙasa da ke titin Holles a Dublin, sa'an nan ta shiga jirgin ruwa daga Liverpool tare da wata ɗalibar likitanci mai suna Agnes Ryan. Sun sauka Kalaba a watan Yuni 1921.

Abin da suka tarar ya saɓa da abin da suka zo dominsa. Maimakon ɗakin haihuwa, makarantar 'yan mata aka danƙa musu. Cikin 'yan watanni zazzaɓin cizon sauro ya tilasta wa Agnes komawa gida, Marie ta ci gaba da riƙe makarantar. Amma shekarun da ta yi a yankin sun nuna mata halin da mata ke shiga a lokacin naƙuda, da yawan jariran da ba sa kai wa ga yaye. Ta gamsu cewa zuwan 'yan sa-kai ɗaiɗai ba zai wadatar ba, domin kowa na iya yin ciwo ko ya gaji ya tafi. Abin da ake bukata shi ne ƙungiya mai ɗorewa ta mata masu cikakken horo, waɗanda in ɗaya ta kwanta wata za ta tashi.

Dokar da ta tare hanya

A nan ne ta ci karo da katanga. Dokokin cocin Katolika na wancan zamani ba su yarda mata masu zaman zuhudu su yi tiyata ko su karɓi haihuwa ba. Sista na iya koyarwa, tana iya ba da magani da wanke rauni, amma ba ta da izinin tsayawa a kan mai naƙuda, wato daidai wurin da Marie ta ga an fi asarar rayuka.

Ba ita kaɗai ke wannan kuka ba. Likita Anna Dengel, 'yar Ostiriya, ta yi aiki a Rawalpindi da ke Pakistan ta yau, inda ta ga matan kulle suna mutuwa saboda al'ada ba ta yarda likita namiji ya duba su ba, ta kuma kafa tata ƙungiyar a Amurka a 1925. A Yuganda ma, Uwa Kevin tana ta roƙon a bar sistoci su koyi aikin ungozoma.

Marie ba ta yi wa cocinta tawaye ba, kuma ba ta saki manufarta ba. A 1924 aka umarce ta da ta koma Ailan ta shiga sabuwar ƙungiyar sistoci da Shanahan ya kafa a Killeshandra. Ta bi umarni, amma da ta ga ƙungiyar ta fi karkata ga aikin makaranta, sai ta fita a 1926 ba tare da ta ɗauki alkawari ba. Ta gwada wani yunƙurin a Glasgow, shi ma bai kai ko'ina ba. Rashin lafiya ya kwantar da ita na tsawon lokaci, ga shekaru suna tafiya. A 1934 ita da wasu 'yan mata kaɗan suka karɓi aikin kula da girki da shara da wanki a makarantar maza ta sufayen Glenstal, su kuma sufayen suna koya musu tsarin rayuwar ibada. Matar da ta yi jinya a fagen yaƙi biyu ta koma mai kula da gida, tana jiran ranar da ba ta san zuwanta ba.

Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse. A watan Fabrairu 1936 fadar Fafaroma ta fitar da sanarwar da ta halatta wa sistoci karatun likitanci da aikin ungozoma, har ma ta ƙarfafa kafa ƙungiyoyi domin hakan. Da goyon bayan Antonio Riberi, wakilin Fafaroma a wannan sashe na Afirka, da James Moynagh, shugaban cocin yankin Kalaba, Marie ta dawo Najeriya da abokan tafiya biyu, suka nufi Anua, kusa da Uyo a Jihar Akwa Ibom ta yau. Ba a daɗe ba ciwo ya kayar da ita, aka garzaya da ita Fatakwal. Daga saukarta Kalaba zuwa ranar alkawarinta, shekara 16 ke nan.

Ginin ƙungiya

Likitoci suka ce sai ta bar ƙasar, aka mayar da ita Ailan, abokan tafiyarta suka ci gaba da aiki a asibitin St. Luke na Anua, wanda ya zama babbar cibiyar jinya da horar da nas-nas da ungozomomi. Daga Ailan ta shiga neman 'yan mata, da kuɗi, da guraben karatu. Ta tsaya kai da fata cewa tausayi ba ya maye gurbin ƙwarewa, don haka ta riƙa tura sistocinta jami'o'i su fito likitoci, masu haɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaji. A 1939 ƙungiyar ta buɗe asibitin haihuwa a garin Drogheda, wanda ya zama hedikwatarta. Gobara ta cinye wani babban sashe na gidan a 1952, aka sake ginawa, kuma a 1957 aka buɗe babban asibitin horar da ma'aikatan da za a tura ƙasashen waje.

A Najeriya aikin ya yaɗu. A 1945 sistocin suka shiga yaƙi da kuturta a Ogoja tare da Likita Joseph Barnes. Asibitoci suka biyo baya a Afikpo, Abakaliki, Urua Akpan da Eleta a Ibadan. A 1947 suka isa Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, a 1950 kuma suka buɗe gida a Boston ta Amurka. A 1963 ƙungiyar Red Cross ta ba ta lambar yabo ta Florence Nightingale, babbar karramawar da ake yi wa ma'aikatan jinya a duniya. A 1966 kwalejin likitocin tiyata ta Ailan ta ba ta matsayin girmamawa, mace ta farko da ta samu hakan.

Faɗuwar da ta yi a 1968 ta kwantar da ita a shekarunta na ƙarshe, daidai lokacin da yaƙin basasar Najeriya ya rutsa da asibitocinta na gabas, inda sistoci da dama suka zauna tare da masu rauni da yaran da yunwa ta kama. Ta rasu a Drogheda ranar 27 ga Janairu 1975, tana da shekara 82. Ba ta yi aure ba, ba ta haifi ɗa ba, amma ɗaruruwan mata da ta raina a wannan aiki ba su san ta da wani suna ba sai Uwa.

Abin da ta bari

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiyar, Sista Likita Ann Ward, ta shafe shekaru masu yawa tana yi wa masu yoyon fitsari aiki a Anua da Itam, lalurar da matan Kano da Katsina da Sakkwato suka san ɗacinta. A yau 'yan Najeriya suna da yawa a cikin ƙungiyar, kuma aikinta ya iso tsakiyar ƙasar, har da Fuka a Jihar Neja da Lugbe a kan hanyar filin jirgin saman Abuja.

Matsalar da ta hana Mary Martin barci tana nan ba ta kau ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. A Gwagwalada akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Babban Birnin Tarayya, kuma babu wata dokar coci ko ta hukuma da ke hana 'yan matan da ke karatu a can, Musulmi da Kirista, tsayawa a kan mai naƙuda. Abin da ya rage shi ne a samu isassunsu, a biya su haƙƙinsu, a kuma kai su ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje, inda har yanzu mace kan yi tafiya mai nisa da naƙuda kafin ta iske hannun da ya san aikin.